Katakon Bahago

Bahago kafinta ne, kuma aikinsa gyaran rufin tsofaffin gidaje. Da ya ɓalle silin ya leƙa kansa, sai ya fara ba ka labarin mutanen da bai taɓa gani ba. "Wannan gaggawa ta ci shi, dubi ƙusa biyar inda biyu suka isa. Wancan kuwa zartonsa ya dakushe, amma yana da haƙuri." Matarsa takan ce ya fi sanin halin matattu da na 'ya'yansa.

Shi ba ya shakkar hannunsa. Abu ɗaya ne ke ci masa rai shekara talatin. Yana saurayi ya haɗa dogon katako na rufin wani gida, haɗi na tsaga ba ƙusa ko ɗaya. Maigidansa da ke koya masa aiki a shago ya duba ya taɓe baki, washegari ya ce ya cire shi ya yar, wai aikin hagu ba ya ɗaukar nauyi. Bahago ya ɗauki zartonsa ya tafi, bai ƙara taka shagon ba, ko gaisuwa.

Sai ga shi an kira shi gyaran wannan gidan. Mai gidan, jikar wanda ya gina shi, ta ce a fitar da duk tsohon katako.

"Hajiya, bari dai in gani tukuna," in ji shi.

Ya kafa tsani ya hau. Gara ta yi biki a sama, katako sai ka taɓa ya zube kamar gari. A tsakiyar rufin kuwa, inda nauyi duka ya taru, katako ɗaya na nan daram. Ya share ƙura da tafinsa. Sawun zarto ya karkata ta hagu, haɗin ba ƙusa. Nasa ne.

Ashe tsohon bai yar ba. Ya ɗauke shi daga gefen da Bahago ya sa, ya kai shi wurin da ya fi ko'ina nauyi, ya kuma tokare shi da 'yan guntaye uku, irin tokarar da shi kaɗai ke yi. Bahago ya daɗe a kan tsani. Haushi ya zo, daɗi ya ture shi, daga baya kunya ta rufe su duka.

"Hajiya, komai zai fita ban da wannan. Na tsaya masa."

Da la'asar ya nemi gidan maigidansa. Tsohon na zaune a ƙofa, ido ya tafi, kunne ne ya rage. Bahago ya durƙusa ya faɗi gidan da ya fito.

Tsohon ya ce, "Ya lanƙwashe?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Ai na sani. Bakina ne ya kasa faɗa." Ya miƙo hannu yana lalube. "Kawo hagun nan in riƙe."