Ranar da Sa'id Ya Mai da Hannunsa Baya

Duk wanda ya san garejojin unguwar Sultana ya san yayana Sa'id, kuma yawanci ba da alheri ya san shi ba. Makanike ne na gaske, mota na tari zai gaya maka ciwonta, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Kafin ya cika talatin ya fasa hancin mutum uku. Ni ƙanwarsa Ikram na fi kowa sanin nauyin hannun nan, don da ni ya fara gwaji.

Abin dariyar shi ne gidan da ya fito. Babanmu Bahaushe ne, jikan alhazan da suka zo daga Kano suka zauna a nan ƙasa mai tsarki. An tura shi Ingila koyon aiki, ya dawo da mata. Mahaifiyarmu, Ummi, 'yar ƙasar Ailan ce, iyayenta suka yi ƙaura zuwa Ingila tana da shekara tara. Ta musulunta, ta zama Lubna, amma matan unguwar Bani Harisa har gobe Baturiya suke ce mata. Danginta Kiristoci ne da ake kira Kweka. Ba sa ɗaukar makami, ba sa rama duka, kuma ibadarsu su taru a ɗaki su yi shiru, sai wanda magana ta cika wa ciki ya tashi ya faɗa.

Ummi ta riƙe salla fiye da mu, amma shirun nan bai bar ta ba. Idan ta yi la'asar sai ta zauna a kan sallaya, hannu a cinya. Wani lokaci daga nan ta ɗauko labarin gida da gurguwar Hausarta: ruwan sama da ba ya ɗaukewa, warin tumaki, benci mai sanyi na ɗakin ibadarsu. Sai kuma kakanta. Lokacin yaƙi a can, masu bindiga suka zo gonarsa suka ce ya bi su. Ya ƙi. Suka yi ta dukansa da gindin bindiga har haƙoransa suka zube a taɓo, shi kuwa ya haɗa hannayensa a baya bai sake su ba.

Sa'id ya tsani labarin nan.

"Halas, ya isa haka, ya Ummi," yake cewa. "Wannan ai tsoro ne."

Wata rana da hantsi wani lebura ɗan Nijar, Haladu, ya goge motar da Sa'id ya gama fenti da amalankensa. Bai gama ba da haƙuri ba Sa'id ya sauke masa sifana a gwiwar hannu. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar ƙashin. Manya suka shiga, aka yi sulhu, amma hannun bai koma daidai ba. Haladu ya rasa aikinsa, ya koma gida da hannu a lanƙwashe.

Ummi ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Sa'id ta ce, "Ba ni da magana a gare ka. In ta zo zan faɗa."

Shekara biyu ba ta zo ba. Tana zuba masa abinci, tana amsa sallamarsa, daga nan babu ƙari. Na ga ƙaton nan da Sultana ke tsoro yana zama a bakin ƙofarta bayan la'asar kamar wanda aka kora daga aji. Ga Ummi ciwon zuciya na cin ta. Ya taɓa ce mini, "Ikram, wallahi tsorona kada ta tafi ban sake jin ta kira sunana ba." Tausayinsa ya kama ni, ko da yake shi ya jawo wa kansa.

Ran nan bayan azahar, Zakiru, yayan Haladu, ya shigo garejin da guntun rodi a hannu. Sa'id na riƙe da sifana, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Maƙwabcin Sa'id, Isah mai walda, ya ce ya ga Sa'id ya dubi sifanar, ya ajiye ta a kan mota, ya mai da hannayensa baya ya haɗa.

"Ɗaga hannunka, ya kalb, kare kawai!" in ji Zakiru.

Bai ɗaga ba. Na farko ya same shi a haƙarƙari, na biyu a baki. Ya durƙusa, jini na zuba a kan baƙin mai. Na uku da na huɗu a kai suka sauka, dama da hagu. Da aka janye Zakiru, Sa'id na kife a ƙasa, yatsunsa a sarƙe har lokacin.

Ni na tura Ummi a keken marasa lafiya zuwa gadonsa a asibiti. Isah ya riga ya gaya mata yadda aka yi. Ta daɗe tana kallon kumburarriyar fuskar, sannan ta kama hannunsa na dama ta sumbace shi.

"Sa'id," ta ce. "Sa'id, ɗana."

Ya zuba wa leɓenta ido. Ya juyo da kunnen dama, ya juyo da na hagu. Sai ya dube ni, ya ɗaga murya fiye da kima, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ikram, me ta ce?"

Likita ya ce rodin ya kashe jijiyar kunnuwan duka biyu. Ummi ta yi wata bakwai a duniya bayan nan tana kiran sunansa safe da yamma, shi kuwa yana zaune a gabanta yana kallon bakinta.