Kofi Uku na Shayi da Idon Babana

A lokacin ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, ina ganin babu wanda ya kai ni tausayi. Babana makiyayi ne, muka ɗauko shi daga Affala bayan an gano yana da ciwon sukari. Yayana ya kafa doka: babu sukari a shayin Baba. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa wuni ba tare da kofi ukunsa ba! Sai ya kurɓi ɗacin, ya ajiye kofin, ya zuba wa bango ido. Wallahi na kasa jurewa. Na riƙa ɓoye sukari a bakin zane, in zuba masa idan yayana ya tafi kasuwar dabbobi. Baba ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina jin daɗi.

Da farko wani farin abu ne ya rufe masa harshe kamar dusar gero. Na goge da tsumma, ya dawo. Na shafa masa zuma, kamar yadda ake yi wa jarirai a garinmu, ya ƙaru. Daga nan hancinsa ya toshe gefe guda, kullum yana dafe da kunci. Na ce mura ce. Wata safiya ina wanke masa fuska na hango cikin hancin ya yi baƙi ƙirin, idon hagu ya kumbura.

A asibiti lokotoro ta ce wata irin fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ta ce fumfunar tana da sinadaran da ke narka sukari ya zama abincinta, kuma jinin Baba cike yake da shi. Ta tambaya wa ke ba shi zaƙi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce shi ne ke sata da hannunsa.

Sai da aka cire idon kafin a tsayar da cutar, don ta riga ta kama hanyar ƙwaƙwalwa. Har yau yayana bai san gaskiya ba.

Jama'a, in kuna da mai ciwon sukari a gida, ku bar shi ya yi fushi da ku, kuma kada ku raina farin harshe ko toshewar hanci. Ni na ɗauka tausayi nake yi, ashe cutar nake ciyarwa. Yanzu duk sanda na miƙa wa Baba shayi, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya ga kofin.