Ranar da Jirgin Dikko Ya Yi Magana

Dikko mai rediyo ɗan Rimaye ne, amma a Kankiya ya yi suna. Ya buɗe shago a bakin titi shekarar da aka yanke Jihar Katsina, kuma kunnensa ne jarinsa. In aka kawo masa rediyo, kafin ya kwance ko kusa ɗaya sai ya kara shi a kunne ya ce, "Kwandensa ce ta ƙone," ko "Ruwa ya sha." Da wuya ya kuskure. Fulanin Kaikai da na Boko kan wuce masu gyara uku su kawo masa nasu.

Ba mutumin kirki ba ne, kuma mutuwarsa ba za ta sa a yi masa ado ba. Bakinsa ya fi reza. Cikin waɗanda suka koyi aiki a hannunsa har da Ahmad, wanda Dikko ya taɓa mari gaban masu kawo gyara don ya kasa jin wani ɗan tsaki a sifika. Ahmad ya girma, ya yi iyali, ya buɗe shagon gyaran waya da ɗura waƙoƙi a memori. Kullum yakan gaishe da Dikko da ladabi, amma marin yana nan a ransa.

Da Dikko ya doshi sittin sai kunnen ya fara tafiya. Cikin shekara biyu kunnen ya mutu murus. Ya san ranar da gari ya ji, ranar shagonsa ya rufe, don ba mai kai rediyo wurin kurma. Sai ya koyi dabaru. Yakan riga mutum magana, da ƙarfi, ya kafe bakinsa da ido. Yakan ɗora yatsa kan sifika ya ji rawarta. Abin da yatsa ya kasa, sai ya sa a jaka ya tafi da shi gida da azahar. Matarsa Maimuna ta saurara, in muryar ta fita tas ta shimfiɗa tafin hannu, in da shashsheka ta kaɗa shi. Ya gaya mata sau ɗaya, bai maimaita ba: ranar da zancen ya fita, ita ma ta fita.

Akwai abu ɗaya da yake so ban da kansa. Tun yana koyon aiki a Funtuwa ya ga jirgin ƙasa, ya kuma ƙudura sai ya ƙera nasa. Ya yi shekaru yana haɗa shi a ƙuryar shago. Kan jirgin na langa-langa ne, tsawon kamu ɗaya, da ɗan injin da ke juya kaset a cikinsa. Taragu shida na gwangwanin madara. Layin dogo na ƙarafan lema, ya zagaya kan faifan katako, har da 'yar gada mai hawa. Da ƙungiyar masu sana'ar hannu ta sa ranar baje koli a filin firamare, Dikko ya ce lokaci ya yi da zai nuna wa yaran waya cewa shi ne ubansu.

Sai dai jirgi marar ƙugi abin wasan yara ne. Ya ciro fanel daga wata 'yar sifika mai cin memori, ya dasa a kan jirgin. Memori kuwa, na wayar Maimuna ya zare tana wanka. Kwana bakwai tana nema yana ce mata sakarya. Shi bai iya kwamfuta ba, dole ya kai wa Ahmad ya ɗura masa kukan jirgi.

Ahmad ya sa abin ji a kunne, ya buɗe memorin, ya daɗe yana sauraren abin da ya tarar a ciki. Ya ɗago ya dubi Dikko, ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu biyu.

"Maigida, kukan jirginka lamba biyu ne. In ka kunna, ka danna sau ɗaya ka tsallake na hwarko."

Bai goge na farkon ba.

Haɗin ya ba Dikko wahala. Da farko in ya danna rimot ɗin da ya haɗa na tada jirgin, sai jirgin ya zabura ya tsaya. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya gano dalmar da ta saki, ya sake liƙewa. Sannan ya ji sifikar tana karkarwa a yatsansa duk lokacin da inji ya tashi, ya gane hayaniyar injin ce ke shiga, ya gitta kwandensa, ta lafa. Ana gobe taro ya ɗaura taragun duka shida, sai ya lura in jirgin ya zo hawa gada, 'yar jar fitilar fanel takan ɗauke ta dawo. Ya san dalili. Inji ne ke zuƙe wutar batir a hawa, fanel ya mutu ya farfaɗo. Maganinsa a ba fanel batirinsa daban, amma babu wuri sai an yanka jikin da ya sha fenti. Ya ɗora yatsa, ya ji sifika na rawa bayan fitilar ta dawo. Ya ce ai tana tashi da kanta. Abin da yatsa bai gaya masa ba shi ne fanel in ya farfaɗo daga lamba ɗaya yake farawa. Da ya kai wa Maimuna ta saurara da ta faɗa masa, to amma da ta gane inda memorinta ya shiga.

Ranar taro da hantsi fili ya cika. Maƙera, majema, masaƙa, kowa da rumfarsa, amma teburin Dikko aka yi wa zobe. Mai gabatarwa, wani ɗan surutu da ake kira Ɗanmaliki, ya kara makirfo a jikin jirgin don na baya su ji. Dikko ya kunna, ya danna sau ɗaya, ya saki rimot. Jirgi ya yi ƙugi, ya ja taragunsa, mutane suka yi kabbara. Ya zo gada, fitila ta ƙifta, sai muryar mace ta cika filin ta manyan lasifikoki.

"Yaya Basira, wallahi na gaji. Malam hwa ya kurumce, shekara biyu ke nan. Ko ganga aka buga bayanshi bai ji. Duk rediyon da ya gyara garin ga ni ka saurare mashi, ya koma shago yana hura hanci. Kada ki gaya ma kowa, don Allah."

Saƙo ne Maimuna ta ɗauka a waya don yayarta da ke Kusada, tsoro ya hana ta turawa.

Fili ya fashe da dariya. Dikko ya ga bakuna a buɗe, wasu har suna riƙe ciki. Ya gyara hula, ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Ɗanmaliki ya juya yatsa yana nuna masa a ƙara. Ya ƙara. Sau uku jirgin yana hawa gada, sau uku Maimuna tana roƙon kada a gaya wa kowa.

Ɗanmaliki ya zagaya bayansa da makirfo.

"Dikko! Gidanka na ci da wuta!"

Dikko yana share ƙurar tarago da bakin riga.

"Dikko, kai ne jakin Rimaye ko babanka?"

Ko gezau. Mata suka yi ta guɗar shaƙiyanci. Wani tsohon makiyayi, Modibbo, wanda rediyonsa ke shagon, shi ne ya kutsa ya fizge batirin. Ya kama kafaɗar Dikko, ya juyo da shi, ya nuna jirgin, ya nuna kunnen Dikko, ya zagaya da hannu kan taron duka. Dikko ya bi hannun da kallo har idonsa ya sauka kan Ahmad, wanda ya ɗago masa yatsa ɗaya.

Nan ya gane abin da ke lamba ɗaya a memorin Maimuna ne ya tona shi. Kafin la'asar ya rubuta mata takardar saki. Bai tambaye ta komai ba, ko ta yi bayani ma ba ji zai yi ba. Zaman aure na shekara talatin da ɗaya ta ɗaure a zane biyu ta hau motar Kusada.

Washegari masu rediyo suka yi layi, kowa ya karɓi nasa, gyararre da wanda ke kwance hanji waje. Wasu ko sallama ba su yi ba, don me za su ɓata baki. Modibbo kaɗai ya bar nasa. Dikko ya yi kwana huɗu a kansa, ya mayar masa yana shashsheka fiye da yadda ya zo, don babu mai kaɗa masa hannu. Modibbo bai sake dawowa ba.

Kafin damina mai shago ya ba wani tela wurin. Dikko ya koma Rimaye gidan ƙaninsa, aka ba shi aikin korar tsuntsaye a gonar gero. Yakan wuni a kan dakali yana dukan garwa da sanda. Shekara uku ya yi a haka, sannan zazzaɓi ya kashe shi. Mutum goma sha ɗaya ne suka raka shi makwancinsa.