Gaisuwa da Gwiwa Ɗaya a Filin Funtuwa

Mun tashi da asuba daga Ƙarfi ranar Asabar da ta wuce, ni da wani tsohon abokina wanda muka yi makarantar mishan tare. Yanar ido ta kusa rufe masa idanu biyu. Likita ya sa masa ranar aiki a mako mai zuwa, bai kuma ɓoye masa ba cewa mai yiwuwa ne ya tashi da gani, mai yiwuwa ne ɗan abin da ya rage ya tafi. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi Funtuwa ya ga autansa yana buga ƙwallo, domin bai taɓa gani ba. Yaron shi ne gwanin cin ƙwallo a ƙungiyar wani kamfani mai biyan samari albashi don wasa kawai, al'amarin da har yau ban gama amincewa da shi ba.

A tashar Malumfashi direban fijo ya rantse mana yanzu-yanzu zai tashi. Rana ta fito, ta hau kan rumfuna, ta same mu a inda ya ajiye mu. Muka sha koko da ƙosai. Kuɗin ƙosan yana nan yadda na san shi, girmansa ne ya koma kamar ƙwallon goro, na kuwa gaya wa mai tuyar haka. Ta ce, "Baba, wake ne ya yi tsada, ba hannuna ne ya ƙanƙance ba."

Da muka kama hanyar Bakori sai fushina ya kwanta. Auduga ta fashe a gonaki hagu da dama, fari fat har inda ido ya tsaya, mata suna tsinka suna tafiya a hankali kamar masu ratsa ruwa. An girbe dawa an jingina ta. Shanun huɗa suna kwance a gindin ɗorawa suna tuƙa, aikin shekara ya ƙare musu. Abokina ya manna goshinsa da gilashi, ya ce, "Malam, gajimare ne ya sauko ƙasa, ko auduga ce?" Na ce auduga ce. Ya ce shi dai zai bar ta a gajimare, ta fi masa kyau haka. Ban yi masa gyara ba, ko da yake gyara ne aikina tun ina saurayi.

Funtuwa ta tarye mu da warin angurya, da manyan motoci masu rangaji da buhunan auduga, da kukan jirgin ƙasa daga nesa. Muka ci waina da miyar taushe kusa da tasha, mai kyau, in ban da gishiri da ya yi yawa. La'asar na yi muka shiga filin wasa, wanda aka kewaye da kwano da zana, muka zauna a benci na gaba. Ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, ƙasar filin ta bushe kamar daɓen ɗaki.

'Yan kamfanin suka fito cikin fararen riguna. Na nemi mai lamba tara, lambar autan, na same ta a bayan wani siririn yaro da ban sani ba. Mutane suka fara gunaguni: an ajiye manyan 'yan wasa uku, saboda kakar wasa ta zo ƙarshe. Abokina bai ji ba. Yana ta murmushi yana bin fararen inuwoyi da kai. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, sai na mai da idona kan fili. Can sai murmushin ya ragu, ya ce, "Malam, a cikin waɗannan babu mai gudun gidanmu."

Da aka tafi hutun rabin lokaci na nufi kocin ƙungiyar. Ɗan wani ɗan kasuwa ne daga kudu, haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta. Na tambaye shi dalilin ajiye gwaninsu, na ce masa a zamaninmu wanda ya karɓi albashi ba ya zama a inuwa yana kallon aikinsa.

Ya ce, "Baba, ko mun ci yau ko an ci mu, matsayinmu ba zai motsa ba. Wasan kofi ne a gabanmu. Gwiwar yaron a kumbure take. In ta tsage a kan wannan ƙasa, kamfani zai sallame shi kafin Kirsimeti."

Na faɗa masa zancen idanun uban. Sai ya ce, "To, ba zan hana ba. A tambayi mai gwiwar."

Yaron bai san mun zo ba. Da ya ji, ya taho da sauri, yana kiran a miƙo masa rigarsa. Ya iso gaban ubansa ya durƙusa don gaisuwa, amma gwiwar dama kaɗai ya kai ƙasa, ta hagu ya bar ta a miƙe gefe. A gidan abokina ba a taɓa gaishe da babba haka ba.

Tsohon ya ce, "Auta, tun yaushe ka fara gaishe ni da gwiwa ɗaya?"

"Baba, ba komai ba ne. Yanzu zan shiga ka gani."

Uban ya lalubo ƙafar, ya dafa gwiwar da tafin hannunsa yadda yake duba ƙafar sansa bayan huɗa. Ya ce, "Wannan zafin ne ba komai ba? Mayar musu da rigarsu. Zauna nan kusa da ni."

Haka aka yi sauran wasan. Rana ta yi ja a bayan kwanon shinge, hayaniyar mutane ta koma mini kamar ta kasuwa mai nisa. Yaron yana faɗa wa ubansa wanda ya ba wa wane ƙwallo, uban kuwa ya juya wa filin ƙeya ɗungum. Fuskarsa dab da ta ɗansa, yana duban goshi, da gemun da ya fara tsirowa, da tabon da ya samu tun yana rarrafe, hannunsa bai bar gwiwar ba. An ce an tashi babu ci. Ni ma ban lura ba.

Muka kwana a Funtuwa, muka yi sammako, muka iso Ƙarfi ana buga ƙararrawar majami'a. Na tafi da ra'ayin cewa zama a benci lalaci ne da aka yi wa ado, na dawo na san cewa akwai hutun da shi ma aiki ne, kuma hana gwani wasa ya fi sa shi wuya. A ƙofar gidansa na ba abokina haƙuri, tun da bai ga abin da ya je gani ba.

Ya ce, "Malam, da ya shiga fili, farin tsumma kawai zan gani yana gudu. Yanzu kuwa likita ya yi abin da zai yi. Na gan shi."