Bashira, Mahaifiyarki Ta Yi Mini Tambaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2024, Allah Ya karɓi ran Dakta Bashira Inuwa Auyo bayan jinyar kwana tara. Ni na koyar da ita ilimin halittu a sakandare a Haɗeja. Na gaji da binne ɗalibaina.

Bashira, ke kaɗai kike zuwa gaishe ni da buhun shinkafar fadama da kuma darasi. Bara kika zauna a zaurena, kika ce wai za ki rama bulalar da na yi miki. Kika yi mini bayanin aikinki: wasu zaruruwan RNA ba saƙon gado kawai suke ɗauka ba, sukan naɗe kansu su yanka ko su ɗinke wasu zaruruwan. Ke kuma kina binciken yadda suke manne wa tantanin maiƙon da ya kewaye ƙwayar halitta, da yadda mannewar ke sauya aikinsu. Da kika ga ban gane ba, sai kika sa aka kawo man shanu. “Malam, in maiƙon ya daskare haka sun fi kama shi. In ya narke sai su saki.” Shekara talatin ina zana tantanin nan a allo, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai katanga.

Ranar addu'ar uku, mahaifiyarki Hajiya Kulu ta sa aka kira ni. Ta ce, “Malam Shu'ibu, kai ka ɗora ta a kan hanyar nan. Karatun nata, yana cikin wanda ladansa ke bin mutum kabari? Ban ga ya warkar da kowa ba.”

Bai warkar ba tukuna, kuma ba zan yi wa mai makoki ƙarya ba. Na ce, “Hajiya, in an koyar da shi, zai bi ta.”

Ta ce, “To wa zai koyar?”

Shekara huɗu ke nan da na ajiye alli, gwiwoyina ba sa son tsayuwa. Jiya na je na roƙi shugaban makaranta aji ɗaya. Ranar Litinin zan fara, da takardun bincikenki a hannuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba Hajiya Kulu da mijinki Musaddiq haƙuri. Ni kuma Ya ara mini kwanan da zan kai saƙon.