Shuɗin Ruwan Dauran

Maccido ɗan kabu-kabu yana tsaye bakin tagar ɗakin gwaje-gwaje a Kaura Namoda, ya ma manta da babur ɗinsa. Ciki wata mata ce, farar riga bisa hijabi, tana girgiza kwalbar ruwan da aka aiko shi da shi. Ta ɗiga magani, shuɗi yana kwantawa gindin kwalbar kamar rini. Yadda take karkaɗa hannu, sai yake raya ita ma ta yi wanki bakin gulbi tana yarinya.

"Ya yi kyau, Malama," in ji shi.

"Sabulun wankin da ya gurɓata ruwan ke ƙara mai duhu. Ina aka ɗebo wanga?"

"Tafkinmu na Dauran. Nan ɗiyana ka sha."

Ta ajiye kwalbar a hankali. Yanzu shi take kallo.