Binnen da Ya Kusa Tashin Ruga

Sallar asuba kawai muka idar muka bar Gumel ranar Talatar da ta wuce, ko karyawa ban tsaya yi ba. Mu huɗu ne a motar, duk 'yan kwamitin sa-kai da ke ba ƙananan hukumominmu shawara kan burtali, mashaya da hanyoyin da jama'a ke bi zuwa daji. Ba mu da ikon kama kowa, namu dai mu je mu gani, mu sasanta, mu rubuta. Akwai wani dattijo, tsohon dillalin shanu daga Maigatari, da wata hajiya daga Gagarawa, da mai motar, sai ni sakatare.

Wata ruga ce can bayan Ɗanzomo ta tashe mu. Wata biyu ke nan da Arɗonsu ya kawo kuka cewa burtalin da shanunsu ke bi zuwa tafki ya tsuke. Duk shekara manoma sai sun ƙara kunya ɗaya, har ta kai a wani wuri shanu biyu ba sa jerawa. Ya ce in aka shuke wurin bana, su kam sai ƙaura, gida tara, daga inda aka haifi kakanninsu. Ni kuwa na yi ta ɗaga tafiyar, ina cewa ai ruwa bai sauka ba, da sauran lokaci. Ranar Litinin sai ga wayar Arɗo, wai mai gonar da ke daidai matsin ya yi binne. Ni ɗan manomi, wanda ya tashi yana bin babansa da ƙwaryar iri, na manta mutanenmu ba sa jiran ruwa, a busasshiyar ƙasa suke binne gero su bar wa Allah. Zaman gari ya cuce ni.

Kwaltar ba laifi, sai dai ramukan da ke ɓuya bayan kwana. A Ɗanzomo muka tsaya shan koko. Ƙosan bana kam sai addu'a, kuɗinsa ya hau, shi kuma ya rame, guda uku loma ɗaya. Dattijo ya dube ni ya ce, "Sakatare, ka ci da sauri, kada shi ma ka ɗaga shi zuwa wani watan." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe ce.

Daga nan yashi ne zalla, muka ajiye mota muka hau acaba. 'Yan acaban na ganin takarda a hannuna suka ɗauka ma'aikatan gwamnati ne, suka tsuga kuɗi. Hajiya ce ta tsaya musu har suka sauko. Gonaki fetal, an share, an ƙone, ko'ina ramukan shuka a jere. Ni dai gabas nake kallo, don hadari ya fara haɗuwa.

Mai unguwa ya tarbe mu da ruwan randa, ya kuma faɗa mana abin da ya ƙara tayar min da hankali. A al'adarsu, muddin iri bai tsiro ba ana iya magana a kansa. In ruwa ya taɓa shi ya fito, ya zama abinci, ba mai sa dabba ta taka shi, ko Arɗo da kansa ba zai yarda ba. Wato in hadarin nan ya riga mu, magana ta ƙare sai baɗi.

Mai gonar tsoho ne, ba mugu ba, mutum mai iyali da yawa da gona kaɗan. Ƙasar burtali kuwa ta sha kashin shanu shekara da shekaru, duk gonarsa ba inda ya kai ta kyau. Ya ce shi a nan ya tarar da iyaka. Dattijo bai yi musu da shi ba, sandarsa ya sa yana tona yashi cikin gonar, har ya fito da tsofaffin tushen gamba a jere, waɗanda mutanen dauri suka dasa don shaidar iyaka. Kunya bakwai ke tsakaninsu da inda burtalin yake yau. Tsohon ya gani sarai, amma ya kafe, ya ce ya riga ya binne. Iska kuma ta fara kaɗawa.

Ashe Hajiya ta shige cikin gidan tsohon wurin mata. Da ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ba shanu kaɗai ke bin hanyar nan ba. Matar ɗanka watanta bakwai. In haihuwa ta zo da gardama a tsakiyar damina, ta ina amalanke za ta bi da ita zuwa asibiti?"

Tsohon ya dubi ramukan shukarsa. Can ya ce, "To, irin da na binne fa?"

Arɗo, wanda ya zo ya same mu a gonar, ya ce, "Malam, in an yi girbi shanuna za su kwana a gonarka har ka ce ya isa. Takin da kake bi zuwa burtali, shi zai zo ya same ka."

Tsohon ya cire takalmi, ya ja layi da ƙafarsa bisa tushen gamban, tun daga wannan kai har wancan. Muka bi shi da turaku muna kafawa, mai unguwa na shaida. Ni kuma na rubuta yarjejeniyar. Aka kawo fura da nono mai sanyi daga ruga, na sha har na ji kunya.

Muna wuce Ɗanzomo ruwa ya ɓarke, irin mai ƙamshin ƙasar nan. Da rana ɗaya na ƙara, da gida tara sun ɗaure kaya saboda sakacina. Kai, Allah Ya rufa min asiri! Na iso gida bayan la'asar a jiƙe, maiɗakina ta ce ba ta taɓa ganin wanda ruwa ya daka yana murmushi haka ba.

Abin da na koya shi ne, aikin ƙauye ba ya jiran ranar da muka tsayar a takarda, kuma wanda zai ba da shawara kan hanya dole ya taka ta da ƙafarsa, ya shiga har wurin matan da ke binta.

Jiya Asabar Arɗo ya sake kira. Ya ce geron ya tsiro shar a cikin burtali, shanu sun zo sun tsaya, ba wanda ya iya kora su ciki. Sai ga tsohon da hauyarsa. Shi da kansa ya kife kunyoyin nan bakwai, don kada a ce dabbar wani ta taka abinci, sannan ya koma gefe ya ce, "Arɗo, ku wuce."